Hannun Daman Baba Odell

Shafi na 17

Masu zagin tsohon nan, Baba Odell, a wajen sharhi tun shekaranjiya, duk na gani. Ku karanta wannan tukuna.

*

Ƙarfe tara da 'yan mintoci Tahiratu ta sauka daga bas a unguwar Soundview, can Amurka, takardar ajiye aiki tana cikin jakarta. Ɗanta Saani ne ya rubuta ta jiya da yamma, ya ninke, ya danƙa mata. Sa hannunta kawai ya rage.

Ta buɗe ƙofa da makullinta. Falon yana nan yadda ta bar shi ranar Juma'a. Labule a sake, talabijin a kunne babu sauti. Baba Odell yana kan kujerarsa ta bakin taga, hannun dama cikin aljihun rigar sanyi. Watan Yuli ake ciki, tsakiyar lokacin zafi a ƙasar.

"Kin makara," ya ce da Turanci, ko juyowa bai yi ba.

"Minti huɗu ne, Baba."

"A zamanina minti huɗu ya ishe ni in kori mutum uku daga fili."

"A zamaninka. Ka sha magani?"

"Wa zai buɗe min?"

Ta duba tebur. Kwalbar maganin tana nan, murfinta duk shatin haƙori. Matar da ke zuwa Asabar da Lahadi ya kore ta tun watan jiya, don ta roƙe shi ya sa wa mijinta hannu a kan ƙwallo. Tun daga nan, kwana biyun ƙarshen mako shi da talabijin ne.

Ta buɗe, ta zuba masa ƙwaya biyu a tafin hagu, ta miƙa ruwa.

Shekara goma sha shida Odell Prewitt ya yi yana yi wa babban kulob ɗin besbol na garin nan jifa, wato wasan nan da ake jefo ƙwallo wani ya doke ta da sanda. Lambar rigarsa tana rataye a filin wasa, ba wanda zai ƙara sa ta. Duk da hannun dama ya yi wannan. Shekara biyu da suka wuce, wata safiya, ɓarin jikinsa ya shanye. Ƙafa ta dawo, baki ya dawo, hannun bai dawo ba. Likitansa ya sani. Tahiratu ta sani, ya kuma sa ta rantse ba za ta faɗa wa kowa ba. Abin da duniya ta sani shi ne tsohon ya cika girman kai. Ba ya gaisawa da mutane, ba ya sa wa kowa hannu, kuma duk ɗan wasan yanzu da 'yan jarida suka tambaye shi a kansa sai ya yi kaca-kaca da shi.

Ranar Asabar ya yi wanda ya fi. Ranar karrama tsofaffin 'yan wasa ce, fili a cike. Saani, wanda kulob ya ɗauko daga ƙaramar ƙungiya sati uku da suka wuce, ya je gabansa ya rusuna, ya miƙa hannu. Tsohon ya bar hannun a iska. Makirfo ya kama maganarsa tas: "Je ka koyi jifa tukuna kafin ka taɓa hannuna."

Bidiyon ya zaga duniya. A unguwarsu ta Morris Heights mata har gida suke biyo Tahiratu suna yi mata jaje, kamar an yi mata rasuwa.

Shi tsohon bai san cewa ɗanta ne ba. Sunan uban yaron ne a bayan rigar, Kadri, ita kuwa Moro take amsawa a takardun aiki. Saani ma sai jiya ya san wane ne tsohon da uwarsa ke kula da shi. Yana cikin zaginsa ta ce ya bari, ya tambaye ta dalili, bakinta ya suɓuce.

Ta juye koko daga fulas ta ajiye masa.

"Simintin nan kuma?"

"Ka shanye shi tas ranar Juma'a."

"Yunwa ce." Ya ɗauki cokali da hagu, rabi a baki rabi a kan tawul. "Ti, ɗauko littafin."

Ti yake kiranta, ya ce sunanta ya fi ƙarfin harshensa. Ta ɗauko littafin daga kan firji. Kullum haka suke yi. Ya kalli wasan daren jiya, da safe ya faɗa, ita ta rubuta.

"Mai lamba sittin da ɗaya," ya ce.

Biron ya tsaya a hannunta.

"Rubuta mana. Idan ya gaji gwiwar hannunsa sauka take yi. Daga jifa ta saba'in ake ganin abin. Jiya ma ya yi. In ba a gyara masa ba, shekara biyu kafaɗar ta tafi. Rubuta kuma, ƙafarsa ta hagu tana da kyau. Ban ga irinta ba tun da daɗewa."

Ta rubuta.

"Wa za a aika wa?"

"Kullum sai kin tambaya. Ba kowa."

"To me ya sa ka kunyata shi gaban jama'a?"

Ya ajiye cokalin.

"Kin ga bidiyon ke nan."

"Wa bai gani ba?"

"Ba aikinki ba ne."

"Yaro ya rusuna maka, Baba. A ƙasar nan wa ke rusuna wa wani?"

"Na ce ba aikinki ba ne."

Ta rufe littafin. Hannunta ya kai kan jaka, inda takardar take. Ta dube shi. Koko ya zubo masa a haɓa, bai sani ba. A ɗakin da ke bayansa kwalaye ne jibge har kusa da silin, ƙwallayen da mutane ke aikowa ta gidan waya a sa musu hannu. Ya ce ta zubar. Ta kasa. Wani ma da wasiƙa ya haɗo, ya ce na mahaifinsa ne da ke kwance a asibiti.

Ta saki jakar, ta ɗauki tawul ta goge masa haɓa.

Ƙararrawar ƙofa ta yi ƙara.

Su biyun suka dubi ƙofar. Ban da mai kawo magani, ba wanda ke danna ƙararrawar nan, shi kuma Laraba yake zuwa.

Baba Odell ya gyara zaman hularsa, ya ƙara cusa hannun cikin aljihu.

"Ƙila Denise ce," ya ce a hankali.

'Yarsa ke nan. Tana Atlanta. Tun da Tahiratu ta fara aikin nan ba ta taɓa jin muryarta ba, ko a waya.

Ta buɗe ƙofa. Saani ne, tsayinsa ya cika ƙofar. Farar riga ce a jikinsa, kan wayarsa ya leƙo daga aljihun ƙirji.

"Me ya kawo ka nan?" ta ce da Hausa, murya ƙasa-ƙasa. "Wa ya ba ka adireshi?"

"Yana jikin takardar ejensin da ta ɗauke ki aiki, wadda kika bari a kicin." Da Turanci ya amsa, kamar kullum. "Kin sa hannu?"

"Tafi gida. Ma yi magana."

"Ba ki sa ba ke nan."

"Saani, wurin aikina ne. Ejensi ta hana kraa, sam-sam, ko ɗan uwa ba ya shigowa."

"Daga yau ba wurin aikinki ba ne, Mma."

Ya raɓa ta gefenta ya shige.

Baba Odell ya ƙura masa ido. Fuskar da ta ɗan saki saboda Denise ta koma yadda take.

"Sittin da ɗaya."

"Saani sunana."

"Me kake yi a gidana?"

"Uwata na zo ɗauka."

Tsohon ya dubi Saani, ya dubi Tahiratu, ya sake duban Saani.

"Ti?"

"Ɗana ne, Baba."

"Ɗanki."

"Shi kaɗai gare ni."

"Sati uku kina zaune a nan ina..." Bai ƙarasa ba. Idonsa ya sauka kan littafin.

Saani ya matso tsakiyar falon.

"Ka san ƙarfe nawa take tashi don ta zo nan? Biyar. Bas biyu. Ita ke yi maka wanka, ita ke yanke maka farce, ita ke wanke abin da ka ɓata. Ni kuma tun ina shekara tara hotonka ke manne a bangon ɗakina. Ta yi ta faɗa, wai mala'iku ba sa shiga ɗaki mai hoto. Na ƙi cirewa."

"Ba wanda ya ce ka manna."

"Ka ji ko, Mma? Ka ji shi?" A fusace Hausa ta zo masa, har "ka" yake ce mata, irin ta zangon Kumasi da ya tsotsa. "Wannan ne mutumin da kake karewa?"

"Rage murya. Tsoho ne."

"Tsoho ne paa. Shi ya sa na rusuna."

Ya juya ga Baba Odell, ya koma Turanci.

"A ɗakin canza kaya yanzu, duk wanda ya wuce ni sai ya miƙo hannu ya janye, a fashe da dariya. Jiya na shiga fili, 'yan kallo suna ihu, je ka koyi jifa. Garinmu, filinmu." Ya miƙa hannun dama, ya tallafe shi da hagu, yadda ya yi ranar Asabar. Wannan karon bai rusuna ba. "Ga shi. Har yanzu yana nan. Ka karɓa, ka ce ka yi kuskure, in ɗauki uwata mu tafi."

Baba Odell ya dubi hannun.

"Na miƙa maka."

"Me?"

"Ranar. Na miƙa maka hannu, ka ƙi karɓa."

"Ƙarya ne."

"Saani!"

"Ƙarya ne, Mma, duniya ta gani."

"Duniya ta gani daga inda mai kyamara ya tsaya," in ji tsohon. "Kai da ke gabana fa? Wannan." Ya ɗaga hagunsa. "Na ɗaga shi haka. Ka dube shi. Ka kau da ido, ka ci gaba da tura min naka wajen aljihuna. Sau ɗaya. Sau biyu. Fili a cike, kowa yana kallo."

Saani ya ɗan yi turus.

"Hagu ne ai."

"To?"

"Ba a gaisawa da hagu."

"In ji wa?"

"A gidanmu, wanda ka raina kake miƙa wa hagu. Na ɗauka gwada ni kake yi. Na tsaya ina jiran na kirki."

Tahiratu ta dafa bayan kujera. Sau nawa ta buge hagun yaron nan da ludayi yana ƙarami? Karɓi da dama. Miƙa da dama. In babba ya miƙo maka hagu, tsaya, kar ka karɓa, zai tuna ya sauya. Ita ta koya masa, a ɗakinsu na hawa na biyar, tana tsoron kar Amurka ta cinye mata shi. Ya koya kuwa. Bidiyon nan ta kalle shi ya fi sau talatin. Ta gefen dama aka ɗauka, kafaɗar tsohon ta tare komai.

"To yanzu ba fili," in ji Saani. "Ba kowa. Fito da na daman."

"Fita min daga gida."

"Zinariya ce a ciki? Fito da shi."

"Saani, ya isa," ta ce. "Don girman Allah ya isa."

"Ke ma kin san dalili? Faɗa min mana."

Ta buɗe baki. Tsohon yana kallonta. Ta rufe bakin.

"Na ce ka fita!"

Baba Odell ya yunƙura zai miƙe. Da hannu ɗaya ya dafa kujera, kujerar ta zame baya. Ya tafi gaba ɗaya zai kifa kan tebur. Kafin Tahiratu ta motsa Saani ya riga ya cafke shi, ta damtsen dama.

Hannun ya fito daga aljihu.

Siriri ne, kamar na yaro. Yatsun sun lanƙwashe sun shige tafi. Ya yi lilo sau biyu ya tsaya. Babban zoben da aka ba shi shekarar da suka ci kofi ya zame daga yatsa, ya faɗi, ya gangara har ƙarƙashin talabijin.

Ba wanda ya bi shi.

Saani ya zaunar da shi a hankali. Bai saki damtsen ba, kamar ya manta yana riƙe da shi.

"Sake ni."

Ya saki. Hannun ya faɗi kan cinyar tsohon kamar tsumma.

"Ka gani. Ka ƙoshi?"

"Tun yaushe?"

"Shekara biyu."

"Me ya sa ba ka..."

"Ban me ba? In je fili in ɗaga musu shi?" Ya yi wata 'yar dariya marar daɗi. "Yaro, matata ta mutu. 'Yata ba ta ɗaukar wayata. Waɗanda muka yi wasa tare, rabi suna ƙasa, rabi ba su san sunansu ba. Abu ɗaya ya rage min a garin nan. Akwai mutanen da in sun rufe ido suna ganin hannun nan yana jifa. A can yana da rai. Gara su ce mugun tsoho ne da su ce Allah sarki."

Saani ya dubi uwarsa.

"Kin sani."

"Na sani."

"Kika bar ni ina..."

"Amana ce. Ba tawa ba ce da zan ba ka."

Ta ɗauki littafin, ta buɗe, ta miƙa masa. Da dama ta miƙa, da dama ya karɓa.

"Ti, kar ki..."

"Wannan ban rantse a kansa ba, Baba."

Saani ya duba. Rubutun uwarsa ne, manyan baƙaƙe a karkace. Sittin da ɗaya. Ya buɗe gaba. Sittin da ɗaya. Kowane wasa da ya yi tun ranar farko, jifa bayan jifa. Ya tsaya a shafin yau. Ba tare da ya sani ba ya kai hannu ya taɓa kafaɗarsa.

"Tana maka ciwo da safe," in ji tsohon. Ba tambaya ba ce.

"Ban faɗa wa kowa ba."

"Na sani. Ni ma ban faɗa ba, a shekarunka."

A lokacin ne Tahiratu ta ji wani abu yana zuuu, zuuu, ba ya tsayawa. Daga ƙirjin Saani yake fitowa.

Ta ga fuskarsa ta sauya. Littafin ya suɓuce ya faɗi. Ya zaro wayar da sauri, ya dube ta, ya kifa ta a ƙirji.

"Mma."

"Mene ne?"

"Mma, na manta."

"Ka manta me?"

"Kyamarar a kunne take. Tun daga ƙofa." Muryarsa ta koma ta ɗan shekara tara. "Kai tsaye ake kallo a intanet. So nake ya ba ni haƙuri gaban mutane, yadda ya yi min gaban mutane. Wallahi shi ke nan. Ban san..."

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un."

"Me ya ce?" in ji Baba Odell. "Ku yi Turanci."

Ya dubi wayar, ya dubi aljihun da ta fito, ya dubi hannunsa a kan cinya. Ya gane.

Tahiratu ta jira ihu. Ta jira ya jefi yaron da kofi, yadda ya taɓa jifan talabijin. Bai yi ba.

"Mutum nawa?" ya ce.

Saani ya ɗago wayar ya duba.

"Dubu arba'in da ɗaya."

Tsohon ya gyaɗa kai a hankali.

"Fili ya cika ke nan."

"Kashe ta," in ji Tahiratu. "Kashe ta, Saani!"

Ya kashe.

Baba Odell ya kama hannun daman da hagu, ya ɗaga shi zai mayar aljihu. Ya kai bakin aljihun ya tsaya. Ya mayar da shi kan cinya, ya bar shi a fili.

Wayar gidan, wadda ke kan kantar kicin duk ƙura, ta fara ƙara. Ta yi ta yi ta katse. Ta sake ɗauka. Tahiratu ta nufe ta.

"Bar ta," ya ce.

"Ƙila Denise ce, Baba."

"Ƙila. Bar ta."

Saani ya durƙusa, ya zura hannu ƙarƙashin talabijin, ya lalubo zoben. Ya zo gaban kujerar a kan gwiwoyinsa ya miƙa. Tsohon bai karɓa ba, bai ma dube shi ba. Tahiratu yake kallo, ita da jakar da ke kan tebur, wadda bakin farar takarda ya leƙo daga cikinta.

"Ta ajiye aiki ce?"

"Ban sa hannu ba."

"Ba shi na tambaye ki ba."

"Ita ce."

Wayar gidan tana ta ƙara.

"Kwalbar nan," ya ce. "Murfinta yana da tauri."

"Na sani, Baba."

"Ti, gobe za ki zo?"

Ɗazu da safe, a cikin bas, amsar wannan tambayar a hannunta take. Yanzu ta jawo takardar daga jaka, ta kama ta da hannu biyu za ta yaga.

Wayarta ta ɗauki ƙara.

Ta duba. Saani ma ya leƙo ya gani, ya runtse ido.

Ejensi ce. Su ma sun gani.